Suna muke saye ko kaya?

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa, da fatan aiki yana tafiya daidai. Kafin in shiga magana bari in nemi afuwar masu karatu. Na san galibinsu Musulmi ne, kuma abin da zan kafa misali da shi haramun ne a gare su. Ko a cikinmu Kiristocin kudancin Gombe akwai ikilisiyoyin da in aka ji warinsa a bakinka sai dattawa sun zaunar da kai. Ba tallar giya na zo yi ba, ba na kuma kiran kowa ya ɗanɗana. Ni tsohon malamin kemistiri ne, na yi shekara 33 riƙe da alli, kuma wani abu da ya faru a tsakar gidana washegarin Kirsimeti ya ƙi barina in yi shiru. Wanda ya yi haƙuri ya bi ni zai ga maganar ta biyo ta kan buhun shinkafarsa.

Ɗana na biyu ma'aikacin jinya ne a Amurka. Da ya zo hutu ya kawo mini kwalba biyu na wuskin can, wanda ake kira burbon. Ɗaya mai suna ce, kwalbarta kamar ta turare, da wuya dogo da hula mai ruwan zinari. Ɗayar kuwa doguwa ce ba ado, lita guda, an rubuta Kirkland a jikinta. Ya ce, "Baba, wannan ta kanti ce, ka ajiye wa baƙi." Na tambaye shi me ake nufi da ta kanti. Ya ce Costco, katafaren kantin da yake sayayya, ba ya dafa giya, kamar yadda ba ya noman shinkafa ko tatsar madara. Kamfanoni yake ba kwangila su yi masa kaya, shi kuma ya manna nasa sunan, Kirkland Signature, ya sayar da rahusa. Ya ce in aka auna lita da lita, kuɗinta kusan rabin na mai hular zinarin ne.

Gaskiya raina bai kwanta da ita ba. Mu nan mun tashi da sanin cewa araha ba ta ado. Har na ce a zuciyata, yaron nan ya raina abokaina.

Abokan nawa biyu ne, tun muna samari muke tare: Saje, wanda ya yi ritaya daga soja, da wani da muke kira Likita saboda ya ƙare aikinsa a ɗakin ba da magani. Saje bai zo hannu biyu ba. Ya shigo da tasa kwalbar cikin kwali, mai babban suna da kowa ya sani, wadda ya saya a wani shago a Jos da kuɗin da ya kusan cinye fanshonsa na wata. Da ya ga ta kantin sai ya kwashe da dariya, ya ce, "Malam, wannan ai ta 'yan gudun hijira ce." Nan fa gardama ta tashi. Sai halin malanta ya motsa mini. Na ce babu wanda zai sha yana kallon kwalba. Na roƙi maman yara ta shiga da su ɗaki, ta zuba kaɗan-kaɗan a kofuna iri ɗaya, ta sa alamar alli a gindin kowane kofi, ita kaɗai ta san wanne ne wanne. 'Yar zumuntar mata ce, ba ta taɓa kai shi baki ba, kuma ta yi aikin ne fuska a murtuke, tana cewa tsufa bai koya mana komai ba. Amma ta yi shi bisa amana.

Kofin farko da na kai hanci, ƙanshin alewar madara ne ya fara tarbata, irin wadda aka bari ta ɗan kama a tukunya, sai banila irin ta kek ɗin biki. A baki yana da zafi, zafi na gaske, amma mai tsabta, wanda yake sauka ƙirji ya bazu ba tare da ya karce maƙogwaro ba. Na ɗiga masa ruwa kaɗan sai zafin ya ja baya, wani abu kamar gasasshiyar masara da ɗan yajin masoro ya fito. Laifinsa ɗaya: ba ya daɗewa. Kana haɗiyewa ya yi sallama.

Na biyu ya fi laushi. Zaƙinsa ya karkata wajen dabino, da ɗan kirfa, da ɗan bauri na itace a ƙarshe wanda yake zama a harshe har ka gama jimla biyu. Ni shi na zaɓa. Likita ya zaɓi na farko, ya ce shi ne mai ƙarfin hali. Saje ya yi ta komawa tsakaninsu yana murza gashin baki, daga baya ya bi Likita.

Na uku kuwa babu wanda ya haɗiye shi. Launinsa ya fi sauran duhu, kamar shayin da aka manta a wuta, amma hanci na zuwa kusa sai warin abin goge jan farce, da wani zaƙi na bogi a samansa kamar an narka alewar yara. Saje da kansa ya tofar, ya ce, "Ga ta kantin nan, na faɗa muku."

Maman yara ta juya kofunan. Na farko shi ne na kanti. Na biyu mai hular zinari. Na uku na Saje.

Ban taɓa ganin soja ya yi shiru irin na ranar ba. Da muka ɗauko kwalbarsa muka duba da kyau, hularta tana juyawa ba tare da ta tsinke daga zoben ba, takardar kuma ta ɗan karkace, gam ya fito ta gefe. Kwalbar ta asali ce. Abin da ke ciki ne Allah kaɗai ya san inda aka haɗa shi.

Hukuncina a kan ta kantin, tunda shi ne asalin gardamar: ba ta kai mai tsadar ba, amma tazarar da ke tsakaninsu a baki ba ta kai tazarar da ke tsakaninsu a aljihu ba. Da kuɗina zan saya, ita zan ɗauka. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, me ya sa mai arahar can ta zama abin amincewa, mai tsadar nan ta zama abin tsoro?

Amsar tana jikin takardar. Da dare na sa tabarau na karanta ta kamar takardar jarrabawa. Kantin bai ɓoye wanda ya yi masa aikin ba: an rubuta Barton 1792, wani tsohon gidan dafa wuski a garin Bardstown na jihar Kentaki, jihar da take fitar da kusan duk burbon da ake sha a duniya. Ita kanta kalmar burbon ba kowa ke da ikon rubuta ta ba. Tun 1964 majalisar dokokin Amurka ta ayyana shi a matsayin kayan ƙasar na musamman, kuma ƙa'idarsa a fili take. Dole a Amurka aka yi shi. Dole aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsin ya zama masara, wannan masarar dai da ake jibgewa a Tudun Hatsi, sauran kuma galibi hatsin rai ne ko alkama da tsiron sha'ir. Ba a tace shi ya wuce kashi 80 na barasa, ba a zuba shi a ganga yana sama da kashi 62.5, ba a sa shi a kwalba yana ƙasa da kashi 40. Gangar kuma dole ta zama sabuwa, ta itacen ok, wadda aka babbake cikinta da wuta. Ba a yarda a ƙara masa kala ko ɗanɗano ba, ruwa kawai.

A nan malamin kemistiri ya ji daɗi. Ruwan yana shiga ganga fari tas kamar ogogoro. Wutar da aka babbake itacen da ita ta riga ta narkar da sukarin da ke cikinsa, ta kuma farfasa wasu sinadarai zuwa wanda yake ba banila ƙanshinta. Lokacin zafi itacen yana shanye ruwan, lokacin sanyi ya maido shi, shekara bayan shekara. Wato jan launin nan da alewar madarar da hancina ya ji, duk aikin itace ne da lokaci. Shi ya sa duhun kofin Saje bai burge ni ba. Duhu ba wuya, ƙonannen sukari ma yana kawo shi cikin minti biyar.

Akwai kuma wasu kalmomi uku a jikin ta kantin, Bottled-in-Bond, waɗanda suka fi komai ɗaukar hankalina. Shaida ce da ta samo asali daga wata doka ta 1897, shekara shida kafin yaƙin Burmi. A wancan zamanin Amurkawa ma irin halinmu suke ciki. 'Yan kasuwa suna ɗaukar ɗanyen barasa su rina shi da ruwan taba ko aidin su sayar a matsayin tsohon wuski. Sai gwamnati ta ce duk mai son wannan shaida, kayansa su fito daga gidan dafawa ɗaya, a kaka ɗaya, su yi aƙalla shekara huɗu a rumbun da hukuma ke sa wa ido, a kuma zuba su a kwalba a kan kashi 50 daidai. Zafin da na ji a kofin farko ke nan. Ba alherin mai kanti ba ne ya kare ɗana lokacin da ya miƙa hannu ya ɗauki mai araha. Doka ce mai haƙora, wadda ta girmi kakana.

Mu kuwa fa? Bari in faɗi abin da na sha faɗa wa ɗalibaina. Hancinmu ya cece mu ranar, amma sa'a ce kawai, domin wanda ya haɗa kayan bai iya ba. Mugun sinadarin da ake tsoro a giyar bogi, metanol, ba ya da wari ko ɗanɗanon da zai bambanta shi da barasa. Hanta ce take juya shi ya koma guba mai cin jijiyar ido. Abin da bai wuce ƙaramin cokali biyu ba yana iya makantar da mutum, ɗan ƙari kuma sai kabari. A 2015 ya kashe mutane a Irele ta jihar Ondo, ya kuma kashe gommai a jihar Ribas, duk ta hanyar ogogoro. A farkon 2024 NAFDAC ta sanar da hana barasar leda da ta ƙananan robobi, bayan wa'adin shekara biyar da aka ba masu yin ta, kuma an yi ta ja-in-ja a kan lamarin. Duk wanda ya tsaya a tasha da yamma ya san yaran da suke tsotsar ledojin nan. Wasunsu ma ni na koyar da iyayensu.

Abin mamaki, burkutun da ake rainawa ya fi wannan gaskiya. Matar da ta jiƙa jar dawarta, ta yi tsiro, ta niƙa, ta dafa kwana biyu, kowa a unguwa ya san ƙofar gidanta. In ya yi tsami gobe za a faɗa mata a fuska. Ba ta da takarda, amma tana da adireshi. Kwalbar Saje tana da takarda mai sheƙi, ba ta da adireshi.

To ga inda maganar ta iso gidan wanda bai taɓa shan komai ba sai shayi. Wa bai san ana zuba shinkafar gida a buhun ta waje ba? Manomin Dadin Kowa ya yi wahala, mai inji ya gyara ta tas, amma sai an sa mata rigar wata ƙasa kafin mu yarda mu biya. Kantin Amurka ya cire babban suna ya rage kuɗi. Namu ɗan kasuwar ya ari babban suna ya ƙara kuɗi. Kuma laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, don ya san ba shinkafa muke nema ba, buhu muke nema. Haka zumar da aka sirka da narkakken sukari, haka man gyaɗan da bai taɓa ganin gyaɗa ba, haka maganin feshin da za ka zuba wa ciyawa ta ƙara kore. Bara na rasa rabin waken da na shuka a kan irin wannan, kuma robar tana da hatimi har biyu.

Roƙona biyu ne. Na farko ga hukumomin da abin ya shafa, NAFDAC da SON mai kula da ingancin kayayyaki da hukumar kare haƙƙin masu saye: a tilasta wa duk mai ɗura kaya a buhu ko kwalba ya rubuta wanda ya yi su da inda aka yi su, adireshin da mutum zai iya hawa acaɓa ya je ya ƙwanƙwasa. Mai kanti a Gombe ya sa sunansa a buhun shinkafa in yana so, ba laifi, amma ya faɗa mana injin da ya casa ta. Wanda aka kama da ƙarya kuma a buga sunansa, ba a ƙona kayan a gaban 'yan jarida shi ya koma gida ya kwana ba.

Na biyu gare ku ne, Malam Edita. Ku ware shafi ko sau ɗaya a wata. Ku sayi shinkafa kala biyar a kasuwa, a dafa ba gishiri, a zuba a kwanoni iri ɗaya, a kira mata goma masu tuwon sayarwa su ci ba tare da sun ga buhu ba, ku buga sakamakon tare da farashin kowace. Wata mai zuwa zuma, na gaba ganyen shayi, ku kira masu shayin bakin tasha. Ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Alli guda da mace ɗaya mai amana sun ishe mu a gidana.

Saje ya so ya tafi da kwalbarsa, wai ko ba komai matarsa za ta zuba man ja. Likita ya hana. Ya ce ƙarshenta hannun 'yan gwangwan za ta faɗa, kuma irin waɗannan kwalaben masu suna ba narkar da su ake yi ba, wanke su ake yi a sake cikawa. Muka tuttular da ruwan a ramin shara, Saje ya ɗauki taɓaryar maman yara ya fasa ta da hannunsa. Kwalin ne kawai ya tafi da shi, ya ce zai koma Jos bayan sabuwar shekara.

Naku,
Wani tsohon malamin sakandare,
Kaltungo, Jihar Gombe.