Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarin Aikin van 't Hoff

Assalamu alaikum 'yan uwa malaman kimiyya. Kamar yadda babban taro ya amince, kwamiti ya keɓe bana ga Jacobus Henricus van 't Hoff, ɗan ƙasar Holan da aka haifa a Rotterdam a 1852, mutumin da ya fara karɓar kyautar Nobel ta kemistiri a 1901. Burinmu shi ne ɗalibi ya taɓa abin da hannunsa kafin a sa shi haddace shi.

Bitar siffar kabon ce ta fi armashi. A 1874, yana ɗan shekara 22, van 't Hoff ya ce hannayen kabon huɗu, wato mahaɗan da ƙwayar zarrar kabon ke kama wasu ƙwayoyin zarra da su, ba a shimfiɗe suke ba yadda muke zana su a allo, kowanne yana fuskantar kusurwa ɗaya ta dala mai fuska huɗu. Ɗalibai sun gina wannan da yumɓu da tsinken tsintsiya. Da suka maƙala abu huɗu daban-daban, sai siffa biyu suka fito, kowace hoton 'yar uwarta a madubi, kuma duk juyin da aka yi ba su dace da juna ba. A nan aka gane abin da ke sa wani sinadari ya karkata haske dama, takwaransa ya karkata shi hagu. Sun yi dariya da jin yadda masanin kemistiri na Jamus Hermann Kolbe ya yi wa van 't Hoff ba'a a rubuce a 1877, yana kiran ra'ayin nasa shaci-faɗi, har yana masa gorin koyarwa a makarantar likitancin dabbobi ta Utrecht. A 1893 aka ba van 't Hoff lambar yabo ta Davy, wadda ake bayarwa a fannin kemistiri, tare da Le Bel na Faransa, wanda shi ma ya gano hakan a nasa ɓangaren.

Gwajin osmosis (yadda ruwa ke ratsa siririyar fata zuwa ɓangaren da abin da aka narkar ya fi yawa) da yankan dankali a ruwan gishiri ya tafi lafiya, ko da yake wasu malamai sun tsaya a laushin dankalin, ba su kai ɗalibai ga ƙa'idar van 't Hoff ba: abin da aka narkar kaɗan cikin ruwa yana haifar da matsi bisa doka irin ta iskar gas.

Laccar littafinsa na 1884 kan saurin haɗuwar sinadarai da tasirin zafi ta ci karo da jarrabawa, an ɗage ta zuwa baɗi. Za a haɗa ta da aikinsa kan ma'adinan gishiri na Stassfurt da ke Jamus bayan komawarsa Berlin a 1896, inda tarin fuka ya yi ajalinsa a 1911.

Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin babban taro, domin da shi za a sayi kayan gwajin.