Zuwa ga abokan cinikinmu: mun daina sayar da farin tiyo don fetur

Assalamu alaikum, iyayen gida, direbobi da makanikai na Garwa da kewaye.

Daga wannan wata, mun daina yanka wa kowa farin tiyon nan mai araha in dai fetur zai bi ta cikinsa. Mun san wasu ba za su ji daɗi ba, shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani.

Robar PVC ce, ruwa aka yi ta domin ta ɗauka. Fetur yakan tsotse sinadarin da ke sa ta laushi, ga kuma zafin watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Makanikai shaida ne: a cire shi daga kafiretar babur, ka tarar ya koma ruwan ɗorawa, ya sandare kamar kara, kana lanƙwasawa ya tsage. Ɗigon nan kuwa kan inji mai zafi yake sauka, kuma mutum ne zaune a sama da iyalinsa.

Shi kansa man yana sauyawa. A Faransa tun 2009 ake sayar da E10, fetur mai etanol har kashi 10 cikin ɗari. Etanol yana jan ruwa, yana kumbura baƙar roba ta da. Yawancin motocin Turai na bayan shekarar 2000 suna isowa da bututun nailan da zobban wata roba ta musamman mai suna Viton, masu jure shi. Abin da ke damunmu, sai a ciro wannan kaya mai kyau a gareji a liƙa na banza a gurbinsa. Ga kuma masu mayar da janareto kan gas tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga can, ta yi tsada. Gas da nasa tiyon, don Allah kada a haɗa.

Yanzu muna da tiyon fetur mai rubutun SAE J30 R7 (lambar ingancinsa ke nan) na kafireta, da R9 na mota mai injekta, wanda ya fi jure matsi da etanol. Ku karanta rubutun a jikinsa kafin ku biya, ko a wajenmu ne. Ya fi tsada, gaskiya ne, amma gwargwadon buƙata muke yankawa, ko taƙi ɗaya ne. Ku zo da tsohon don mu auna faɗin bakinsa.

Allah ya tsare hanya.

Naku,
Masu shagon kayan gyaran mota da babur, Garwa