Ba wata ba ne ke juya iskar sama, rana ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na kimiyya na daren Laraba ya ɓata mini rai, ba zan ɓoye muku ba. Baƙon da kuka kawo ya ce wai wata ne ke jan iskar sama kamar yadda yake jan ruwan teku, mai gabatarwa kuwa sai "haka ne, haka ne" yake ta yi masa. To ba haka ba ne. Wata yana da nasa tasirin, amma kaɗan ne. Zafin rana ne ke wannan aiki. Tururin ruwa a ƙasa-ƙasa da iskar ozon can sama su ke shan hasken rana, iska ta yi zafi ta kumbura, dare ya yi ta lafa.

Aikin duba yanayi na yi har na yi ritaya, ba labari aka ba ni ba. Duk wanda ya zauna gaban ma'aunin nauyin iska a ƙasashe masu zafi ya san allurar tana hawa wajen ƙarfe goma na safe, ta sauka huɗu na yamma, ta sake hawa goma na dare, ta sauka huɗu na asuba. Kullum haka, ko wata ya tsaya ko ya yi sha huɗu. Da wata ne ke janta, da kowace rana sai ta makara da kusan minti 50, yadda cikar teku ke yi. A nan ƙasa motsin ƙanƙane ne. Amma yana ƙara hawa iska na ƙara siranta, shi kuma yana ƙara girma, har a kilomita 80 zuwa 100 ya zama iska mai tsananin gudu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tambayar da wata baiwar Allah ta bugo ta yi, cewa me ya sa ƙarfin abin ke bambanta daga shekara zuwa shekara. Sai baƙonku ya ce "sauyin yanayi", ya wuce. Haba! Tambaya mai kyau irin wannan a sallame ta da kalma biyu? Amsar tana nan. A saman layin ikwaita, tsakanin kilomita 16 zuwa 50, akwai iskar da ke kaɗawa gabas, sannan ta juya yamma, zagaye ɗaya wajen wata 28. Masana na kiranta QBO, kuma tun farkon shekarun 1960 aka gano ta. Kumburin da rana ta tayar daga ƙasa dole ya ratsa ta cikinta kafin ya kai sama, kuma an lura sashensa da ke zagayowa sau ɗaya a awa 24 ya fi ƙarfi a lokacin da take kaɗawa gabas. Tauraron ɗan'adam na TIMED da Amurka ta harba a 2001 ya nuna haka. Ga kuma El Nino, wato ɗumamar ruwan teku, da ke ɗauke hadari daga wani sashe na tekun Fasifik ya kai wani, zafin da gajimare ke saki ya bi shi, kumburin ma ya sauya. A 2016 QBO ɗin ta saɓa lamba, abin da ya ba masana mamaki. Ko ɗaya baƙonku bai ambata ba.

Kuma ku gidan rediyo ne fa. Wannan motsin yana taɓa sashen sama mai ɗauke da lantarki, wanda ke dawo da muryar gajeren zango ƙasa, kuma ta cikinsa saƙon GPS ke bi. Ku nemo wanda ya san abin ya zo ya amsa wa matar nan tambayarta.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa ƙarƙashin magana. Mu da kunne ya fara nauyi, rabin abin da ake faɗa ganga ce ke cinye shi.

Wassalam,
Mai sauraronku, tsohon ma'aikacin duba yanayi