A Bar Kututture Ya Yi Toho: Maido da Itatuwa da Ciyayin Asali a Gonakinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda za a maido da itatuwa da ciyayin da Allah ya halitta wa ƙasarmu a cikin gonaki da filayen da ke hannun jama'a, tun da yake yawancin ƙasar tana hannunsu ne.

Duk shekara idan damina ta kankama, akan ƙaddamar da dashen itatuwa a jihohinmu, a raba dubban tsirrai na darbejiya da turare, a dasa su a bakin hanya ko a wani keɓaɓɓen fili. Ba na raina wannan ƙoƙari, domin inuwar darbejiya ta ceci garuruwa da kasuwanni masu yawa daga zafin rana. Sai dai duk wanda ya koma irin waɗannan wurare a tsakiyar bazara ya san cewa da yawa daga cikin tsirran ba sa kai wa wata damina, saboda babu mai ba su ruwa, babu mai tsare su daga awaki, kuma babu wanda yake jin cewa nasa ne. Bayan haka, darbejiya daga ƙasar Indiya aka kawo ta, turare kuwa daga Ostireliya. Abin da muka rasa shi ne gawo da ɗorawa da kaɗanya da marke da kirya da ɗinya da kanya, kuma waɗannan a cikin gonakin iyayenmu suka tsaya shekara da shekaru, ana noma gero da dawa a ƙarƙashinsu.

Ba sai mun yi nisa ba wajen neman misali, domin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun riga sun nuna hanya. A farkon shekarun 1980 yankin Maraɗi ya zama tamkar an share shi da tsintsiya, iska tana kwashe ƙasa tana binne shuka, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. A shekarar 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dasa tsirrai suna mutuwa, ya lura cewa ƙananan dunƙulallun tsirran da ke ko'ina a gonaki, waɗanda ake ɗauka ciyawa ce marar amfani, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, kuma saiwoyinsu suna nan da rai a can ƙarƙashin ƙasa. Abin da yake hana su zama itace shi ne adda da wuta da ake sa musu kowace shekara lokacin sharar gona. Manoma suka karɓi wannan dabara, suka gyara ta yadda ta dace da su, suka sa mata suna sassaben zamani.

Aikin ba shi da wani sirri. Manomi yakan zo kan kututturen kalgo ko sabara ko geza wanda ya fitar da rassa goma ko ashirin, sai ya zaɓi mafiya ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya yanke sauran, ya kuma rage ƙananan rassan gefe zuwa kamar rabin tsawon kowane reshe da ya bari. Akan yi yankan da wuƙa ko lauje mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya tsage. Bayan 'yan watanni sai a dawo a cire sabon tohon da ya fito. Tun da saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai inda danshi yake, girman irin wannan itace yakan fi na dashe sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ya bukatar ban ruwa ko kuɗin sayen tsiro. Haka nan ake yi wa 'ya'yan gawo da magarya da aduwa da suka tsiro da kansu daga kashin dabbobi: a kewaye su da garma, a sa musu alama, a bar su.

Da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, sun ƙiyasta cewa manoman kudancin Nijar sun maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5, kuma hakan yana ƙara hatsin da ake samu da wajen tan 500,000 a shekara. A yankunan Magarya da Matamaye da Mirya, inda jama'a suka fi cunkoso, can ne gawo ya fi yawa. Wannan ya isa ya sa mu sake tunani a kan maganar da ake yawan yi cewa yawan jama'a shi ne ke cinye daji. Kowane manomi ya san halin gawo: yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su taru a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna zuba taki. Geron gindin gawo ba ya ɓuya ga mai ido.

Amma abin da nake so masu karatu su fi riƙewa shi ne dalilin da ya sa wannan abu ya yiwu, domin dabarar yanka kaɗai ba ta isa ba. Tun daga dokar daji ta Turawan Faransa ta 1935, da dokokin da suka biyo bayanta bayan samun 'yanci, itace a Nijar ya kasance na hukuma ko da kuwa a tsakiyar gonar mutum ya tsiro. Manomi yana iya fuskantar tara idan ya sare reshe daga itacen da ke gonarsa, saboda haka hikima a wancan lokaci ita ce ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kafin ya zame masa abin tuhuma. Sai da manoma suka fara sakankancewa cewa itacen da suka raina nasu ne, za su ci 'ya'yansa, su yi makamashi da rassansa, su sayar idan bukata ta taso, sannan suka fara barin toho. Dokar daji ta 2004 ta sassauta lamarin, a shekarar 2020 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta amince wa manomi haƙƙi a kan itatuwan da ya raina ta wannan hanya. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agiye, mutanen gari da kansu suka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa maza da mata da Fulani makiyaya, suka tsara ƙa'idoji da tara a kan mai sara ba da izini ba.

Na gwada wannan aiki a gonar da na gada, yau shekara shida ke nan. Na fara da kalgo da sabara, na kuma tsare 'ya'yan gawo guda tara da na tarar sun tsiro a gefen gabas. Iyalina sun rage sayen itacen girki tun daga shekara ta uku, domin rassan da ake ragewa suna isar mu watanni. A shekara ta huɗu, wata safiya da rani, na tarar an sassare mini gawo uku har ƙasa da dare, an kwashe ganyen. Na ji zafin abin ƙwarai, kuma daga nan na fahimci abin da ya sa mutanen Ɗan Saga suka fara da yarjejeniyar gari. Mutum ɗaya ba zai iya kwana a gona yana gadin itace ba, amma idan dagaci da limami da arɗo da masu gonaki suka zauna suka yarda cewa akwai yadda ake rage reshe ba tare da an kashe itace ba, kuma akwai hukunci ga wanda ya ƙetare, to makiyayi zai samu ganye, manomi zai samu taki, kuma itacen zai kai baɗi da rai.

Akwai kuma ɓangaren da muke yawan mantawa, wato ciyawa. Dajinmu na asali itatuwa ne jefi-jefi da ciyawa a tsakaninsu, kuma a nan labarin Amurka yana da abin koyo. Jihar Ayowa, wadda yawancinta a da faffaɗan dajin doguwar ciyawa ne, ta nome shi har abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba, kuma tun da kusan dukkan ƙasar jihar tana hannun masu gonaki ne, babu yadda za a maido da wani abu sai da yardarsu. Tun a 1935 wani masanin daji mai suna Aldo Leopold ya sayi wata gajiyayyiyar gona a bakin kogi a jihar Wiskonsin, ya shafe shekaru shi da iyalinsa suna maido mata da itatuwa da ciyayin asali. A 1985 gwamnatin ƙasar ta kafa shirin da take biyan manomi kuɗin haya na shekara 10 zuwa 15 domin ya huta da noman filin da ke saurin zaizayewa, ya rufe shi da ciyawa ko itatuwa. Daga baya masana na jami'ar jihar Ayowa suka gwada shuka ciyayin asali a siraran layuka a cikin gonar masara da waken soya, suka gano cewa ba da kashi 10 cikin 100 na gonar ga ciyawa yana rage ƙasar da ruwa ke kwashewa da kimanin kashi 95 cikin 100.

Da na karanta wannan sai na tuna da gamba. Iyayenmu suna barin gamba a iyakar gona, tana raba gonar wane da ta wane, tana tare ruwa da iska, da kaka kuma a yanke ta a saƙa zana ko a yi jinka. Yau a wurare da yawa an nome iyakar har bakin hanya, an fesa wa sauran maganin kashe ciyawa, wanda ba ya bambanta ƙarangiya da ɗan tsiron ɗorawa. Haka kuma mai tarakta yakan nemi a tumɓuke duk wani kututture kafin ya shiga gona. Ba ina cewa a bar tarakta ko feshi ba ne, amma ana iya barin toho a jere yadda injin zai wuce tsakani, a kuma ɗaga bututun feshi idan an zo iyaka.

Game da wuta kuwa, dole a yi hattara wajen kwaikwayo. Masu filaye a Amurka suna cinna wa ciyayinsu wuta da gangan, bisa tsari, a zaɓaɓɓen lokaci, bayan an share kewaye, domin ciyayin nasu sun saba da ita kuma tana hana baƙin tsirrai mamaye wurin. A nan arewa mai ƙarancin ruwa, inda kyasuwa da harkiya busassu su ne abincin dabba har faɗuwar ruwa, wutar da ake sakawa a tsakiyar rani don farautar gafiya ba ta haifar da komai sai asarar toho da taki da kiwo.

Babbar matsalar da na ga ba a cika tattaunawa ba ita ce ta gonar aro da ta haya da ta jingina. Wanda bai san ko baɗi gonar tana hannunsa ba, ba zai ɓata lokaci yana renon itace ba, mai gonar kuma sau da yawa ba ya so a bar itace, don gudun kada wata rana a ce alamar mallaka ce. Mata da matasa su ne suka fi noma irin waɗannan gonaki, kuma matan su ne masu daddawa da man kaɗe da garin kuka, wato su ne suka fi kowa sanin darajar waɗannan itatuwa. Wannan abu ne da masu sarauta za su iya warwarewa da 'yar rubutacciyar yarjejeniya a gaban shaidu, wadda za ta fayyace cewa ƙasa ta mai ita ce, amfanin itacen kuwa na wanda ya rene shi ne muddin yana noma wurin.

A Najeriya akwai hukumar Babbar Katangar Itatuwa, mai yaƙi da kwararowar hamada, da aka kafa da doka a 2015, mai aiki a jihohi 11, akwai kuma shirin farfaɗo da filayen da suka lalace mai suna ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, wanda ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja, da burin gyara hekta miliyan 1. Roƙona ga masu tafiyar da su shi ne su ware wani kaso na kuɗin raba tsirrai su ɗauki manoma daga Katsina da Jigawa da Zamfara da Sakkwato su kai su ƙetaren iyaka, su ga gonakin da idonsu, su ji bayani da Hausa daga bakin manoma irinsu. Majalisun jihohi kuma su duba dokokin daji, su rubuta a fili cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, domin malamin daji ya zama mai koyar da yanka, manomi ya daina fargabar ganinsa.

Daga ƙarshe, Malam Edita, lokacin da ake yanke hukuncin ran kowane kututture shi ne bazara, sa'ad da ake sharar gona. Ina roƙon jaridarka ta tura wakili zuwa Agiye ko Magarya kafin wannan lokaci, ya ɗauko hotunan yadda ake zaɓen reshe da yadda ake yanka, a buga su tun manoma ba su wasa addunansu ba.

Wassalam.

Naka,
Wani manomi, tsohon malamin makaranta,
daga Jihar Katsina.