Mako Uku a Kan Anga a Ada Foah: Kira ga Iyaye da Matasan Zango

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana a kan sana'ar aikin jirgin ruwa da mu mutanen zango muka bar wa wasu, alhali teku tana bakin ƙofarmu. Ni mutumin Nima ne, girki ne sana'ata, kuma na yi mako uku ina aiki a wani jirgin shaƙatawa mai tsawon mita 12 wanda ya saki anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa da sarƙa don ya riƙe jirgi, kusa da ɗaya daga cikin tsibiran Ada Foah, inda kogin Volta yake haɗuwa da teku, wajen kilomita 100 gabas da Akra.

Masu hangen irin wannan jirgi daga gaɓa suna ɗauka hutu ne zalla, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Jirgin da ke kan anga ba ya tsayawa wuri ɗaya, domin ruwan teku yana cikowa ya janye sau biyu a yini, kuma duk bayan kimanin awa shida igiyar ruwan takan sauya, sai jirgin ya kewaya sarƙarsa ya fuskanci wani ɓangare. A wurin salla na fara gane haka, saboda alƙiblar da na daidaita da azahar sai na tarar ta koma bayana da magariba, har na saba duba kamfas kafin kowace kabbara. Matuƙin yakan saki sarƙa mai tsawon zurfin ruwan sau huɗu ko biyar, sannan da dare mu yi karɓa-karɓa, mutum ya zauna yana auna jirgin da wata fitila ta kan tudu, don kada angar ta kuɓuce iska ta ja mu kan yashi muna barci. A ganina babu aikin da ya kai wannan gadin nauyi, domin rayukan duk masu barci suna wuyan mutum ɗaya.

Ruwan daɗi kuwa da awo ake taɓa shi. Da ruwan kogi nake wanke kwanuka, in ɗauraye da kofi biyu daga tanki. Wutar ma ta sola ce, idan hadari ya rufe rana sai a taƙaita komai domin batir ya ishi firji da fitilar saman jirgi, wadda dokar ruwa ta wajabta kunnawa da dare. Da safe mukan shiga ƙaramin kwalekwale mu je wurin matan Ada mu sayi kifi da kwakwa.

Abin da ya dame ni, ranka ya daɗe, shi ne duk tsawon zamana ban haɗu da ko yaro ɗaya na zango a wannan aiki ba, ko a gyaran inji, ko a tuƙi, ko a ɗinkin tanti da igiyoyi. Yaranmu suna da ƙarfi da amana, kuma makanikai sun cika Nima da Mamobi, sai dai yawancinmu ba mu iya iyo ba, iyayenmu kuma sun tashe mu da tsoron ruwa. Ni kaina sai da na kwana biyar ban rabu da rigar ceto ba.

Saboda haka ina kira ga sarakunan zango da limamanmu da ƙungiyoyin matasa su shirya wa yara koyon iyo a hannun ƙwararru, su kuma kai ɗaliban sakandare ziyara jami'ar koyon aikin jiragen ruwa da ke Nungua da tashar Tema, su gani da idonsu. Duk ƙungiyar da ta shirya wannan tafiya, a shirye nake in raka ta har Ada in nuna wa yaran yadda ake sakin anga.

Naku,
Wani mai karatu daga Nima, Akra