Rahoton Ayyukan Shekarar 2022: Zumuncin Japan da Indiya

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

Kamar yadda babban taronmu ya yanke a farkon shekara, ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausawa masu nazarin hulɗar ƙasashe a Delhi ta keɓe shekarar 2022 ga dangantakar Japan da Indiya, domin a bana ne ƙasashen biyu suka cika shekara 70 da ƙulla hulɗar jakadanci. Ga bayanin abin da aka yi.

Mun fara da zaman karatu kan tushen zumuncin. Indiya ta ƙi halartar taron San Francisco na 1951, inda ƙasashe suka yi sulhu da Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta zaɓi ta yi nata sulhun da Japan a 1952, ta kuma yafe diyyar yaƙi. Kafin nan, a 1949, Firaministan Indiya Nehru ya aika wa yaran Tokyo giwa mai suna Indira a lokacin da birnin bai farfaɗo daga yaƙi ba. Japan ba ta manta ba: a 1958 Indiya ce ƙasa ta farko da ta samu rancen yen, kuɗin Japan, daga gare ta. Wannan zama ne ya fi jan hankalin sababbin membobi, kuma shi ya sa muka gane ziyarce-ziyarcen da suka biyo baya.

A watan Maris Firaministan Japan Fumio Kishida ya zo Delhi don taron ƙoli na shekara-shekara karo na 14. Tun 2018 rabon da a yi irinsa ido da ido, saboda wanda aka shirya a Guwahati a 2019 an ɗage shi, sannan korona ta rufe hanyoyi. Kishida ya sanar da burin zuba yen tiriliyan 5 a Indiya cikin shekara biyar. Mun karanta sanarwar haɗin gwiwar sakin layi bayan sakin layi, kuma muhawara ta yi zafi a kan yaƙin Ukraine: Japan ta ƙaƙaba wa Rasha takunkumi, Indiya ta ƙi fitowa ta yi Allah wadai da ita, amma duk da haka shugabannin biyu suka zauna suka sa hannu. A ganina wannan ne darasi mafi girma da muka samu a bana. Al'adar haɗuwa kowace shekara ita ke ba su damar saɓani ba tare da an yi baran-baran ba. A watan Mayu Firaministan Indiya Narendra Modi ya je Tokyo taron Quad, wato ƙawancen ƙasashe huɗu, tare da shugabannin Amurka da Ostareliya. Wannan mun taɓa shi a taƙaice saboda jarrabawa.

Ranar 8 ga Yuli aka harbe tsohon Firaministan Japan Shinzo Abe a Nara. Washegari Indiya ta yi zaman makoki na ƙasa, duk mun ga tutoci a sassauce a Delhi. Mun sauya jadawali muka yi zama na musamman a kan jawabin da ya yi a majalisar dokokin Indiya a 2007 game da haɗuwar tekuna biyu, wato na Indiya da na Pasifik, wanda daga cikinsa tunanin yankin Indo-Pasifik ya tsiro. Abin da ya taɓa mu shi ne jimamin da muka gani a wurin malamanmu da abokan karatunmu Indiyawa, kamar nasu ne ya rasu. A ƙarshen Satumba Modi da kansa ya halarci jana'izar girmamawa a Tokyo.

Ba a aji kawai muka tsaya ba. Mun ziyarci India International Centre, wadda Akihito, tsohon sarkin Japan, ya aza harsashinta a 1960 yana yarima mai jiran gado. Mun kuma yi nazarin jirgin Metro na Delhi da muke hawa kullum, wanda ya cika shekara 20 a Disamba, kuma rancen Japan ne ya ɗauki kaso mai yawa na gininsa. Tafiyar Varanasi don ganin zauren taro na Rudraksh da Japan ta ba da tallafin ginawa ba ta yiwu ba, asusu bai kai ba. Batun layin dogo mai sauri daga Mumbai zuwa Ahmedabad, wanda Abe da Modi suka ƙaddamar a 2017, mun tattauna jinkirin da sayen filaye ya jawo masa.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A 2017, a taron Bankin Raya Afirka a Gandhinagar, aka gabatar da shirin haɗin gwiwar Indiya da Japan don ayyukan raya Afirka. Mun waiwaye shi a watan Agusta lokacin taron TICAD na 8 a Tunis, wato taron da Japan ke jagoranta kan raya Afirka, kuma yawancinmu na ganin har yanzu maganar ta fi aikin yawa. Ya kamata wasu daga cikin masu rubuta kundin digiri su ɗauki wannan.

Inda muke da rauni shi ne harshe. Duk abin da muka karanta daga ɓangaren Japan ta hanyar fassara ne. Kwamiti na ba da shawarar a tallafa wa masu son shiga ajin Japananci na Japan Foundation, cibiyar yaɗa al'adun Japan da ke nan Delhi, daga asusun ƙungiya, kuma za a kaɗa ƙuri'a a kai a babban taro mai zuwa, tare da zaɓen sababbin shugabanni. Waɗanda ake bi kuɗin wata-wata su daure su ga ma'aji kafin ranar, domin a sake shirya tafiyar Varanasi.

Allah ya bar zumunci.

Sakataren ƙungiya