Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga gidan abincin da ya ce da tumatirinmu yake girki

Zuwa ga Manaja da babban kuku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da ma'aikatanku baki ɗaya.

Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Garun Malam, a yankin noman rani na Kadawa. Da kun ɗaga wayar da na buga muku har sau biyu, ko kun amsa saƙon da na tura, da wannan magana ba ta fito bainar jama'a ba. Ba zan kama sunan gidanku ba, domin ba karya muku kasuwa nake nema ba. Kun san kanku, kuma takardar shaidar biyan kuɗinmu tana hannuna.

Mu shida muka zo wajenku daren Asabar, a farkon watan Fabrairu. Tare muka taso tun muna firamare, kuma al'adarmu ce duk shekara, in aka fara ɗiban tumatir aka ga ɗan abin hannu, mu haɗu mu ci abinci tare, yawanci gurasa da tsire a Kura. Bana sai ƙaramin cikinmu, wanda yake koyarwa a makarantar gwamnati, ya nuna mana tallanku a Facebook: liyafar ɗanɗano, abinci kala bakwai, kowanne kaɗan-kaɗan, babban kuku da kansa ya tsara, kuma wai duk daga gonakin Kadawa da ruwan Tiga, abin da lokaci ya kawo shi za a ci. Wannan magana ta ƙarshe ita ta ja mu. Muka ce bari mu je mu ga yadda ƙwararre zai sarrafa abin da muke nomawa da hannunmu. Kowa ya biya naira 20,000 tun saura kwana uku.

Ba zan ɓoye alherinku ba. Wurin tsaf yake, yaron da ya yi mana hidima mai ladabi ne, Allah ya yi masa albarka. Zoɓon da aka fara kawowa da ɗuminsa, ya ji citta da kanumfari, ya dace da sanyin daren. Dambun shinkafa da zogale da gyaɗa ya yi kyau ƙwarai, har babban cikinmu ya ce shinkafar Kura ce wannan, ba tantama. Ƙanƙantar abincin ma ba mu yi ƙorafi a kai ba, tunda an gaya mana tsarin ke nan tun farko.

A kala na uku lamarin ya lalace. Aka kawo miyar tumatir a ɗan ƙaramin kwano da yankan gurasa a gefe, yaron ya karanto daga takarda cewa tumatirin Kadawa ne, tsinkar safiyar ranar. Ranka ya daɗe, shekarata sama da ashirin ina noman tumatir. Ɗanyen tumatir idan aka markaɗa aka dafa, jansa mai haske ne, yana da ɗan tsami mai daɗi da ƙamshin da ke tashi tun daga bakin tukunya, kuma ko an tace shi sai ka ga alamar 'ya'yansa. Abin da ke gabanmu ja ne wur mai duhu, kauri kamar kunun da ya kwana, da wani ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe wanda duk matar da ke girki a ƙauyenmu ta san na tumatirin gwangwani ne. Muka kalli juna, ba wanda ya ce uffan. Na kyautata zato, na ce wataƙila harshena ne. Sai da na tashi zuwa alwalar sallar Isha, aka nuna mini famfo ta bayan kicin, na ga manyan gwangwanayen tumatir guda huɗu a buɗe a kwandon shara, bakinsu da jiƙe. Gani ya kori ji.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lokacin da kuka yi wannan. Da a damina ne, sa'ad da tumatir ke tsada yana wuyar samu, ko a shekara irin ta 2016 da tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye gonaki, da na yi muku uzuri. Amma Fabrairu! Lokacin da kasuwar Kwanar Gafan take cika maƙil, kwanduna jere har bakin titin Zariya, manyan motoci suna lodi zuwa Legas dare da rana. Lokacin da in kaya ya yi yawa farashi ya faɗi, manomi kan rasa ko kuɗin kwando da na 'yan ɗiba, har ka ga mata da yara suna yanka tumatir suna shanyawa a ƙasa don a yi kauɗa, kada a yi asara gaba ɗaya. A safiyar ranar da muka zo wajenku, ni da kaina na sayar da kwando goma sha biyu a farashin da bai mayar mini da kuɗin taki ba. Da dare kuma na biya kuɗi aka ba ni na gwangwani da sunan gonata.

Kifin ma haka. An ce mana na Tiga ne. Cikinmu akwai wanda gidansu masunta ne, ya yi shekaru yana jefa koma a wannan dam ɗin da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ruwansa ne ke bin kwata yana shayar da gonakinmu. Ya sa cokali ya juya yankan kifin, ya nuna mana zane-zanen da ke gadon bayansa da baƙin naman nan mai maiƙo. Ya ce, “Yaya, wannan kifin ƙanƙara ne, na teku. A Tiga karfasa da tarwaɗa muka sani.” Ya ture farantin gefe, bai ƙara taɓawa ba. Alkakin da aka rufe da shi kuwa an rubuta na sabuwar alkamar bana ne, alhali alkamar Kadawa tana tsaye kore shar a gona, sai wajen Maris zuwa Afrilu ake girbinta.

Na nemi ganin babban kuku cikin mutunci, ba tare da ɗaga murya ba. Aka ce yana da aiki. Wani da ya ce shi ne mai kula da ɗakin ya zo, ya tsaya a kanmu, ya dubi rigunanmu da hulunanmu, ya amsa mana da Turanci duk da na ji shi yana Hausa da ma'aikata, wai irin wannan girki ba kowa ne ke fahimtarsa ba. Babban cikinmu dattijo ne mai jikoki, a gabansa aka faɗi haka. Da muka tashi tafiya kuma aka miƙo mana takardar ƙarin naira 12,000, wai kuɗin hidima, abin da babu shi a tallan, ba a kuma faɗa mana ba ranar da muka biya. Muka biya don gudun hayaniya. Tun daga ƙofarku har muka iso gida ba wanda ya yi hira a motar, mu da muka saba dawowa daga irin wannan fita muna ta raha.

Ba haramun ba ne a dafa tumatirin gwangwani ko kifin ƙanƙara, ana ci a gidaje da yawa, har da nawa idan abu ya yi wuya. Ku rubuta haka a takardarku, wanda ya ga dama ya saya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ku ɗauki sunan Kadawa da Tiga ku ƙara wa abincinku daraja da kuɗi, baƙi daga birni su ci su tafi suna zaton haka tumatirinmu yake, mu kuma ko kwando ɗaya ba ku saya a hannunmu ba.

Don haka ina neman ku mayar mana da naira 12,000 ɗin nan, ku kuma ba dattijonmu haƙuri, da baki ko a rubuce. Sannan ko dai ku cire sunan gonakinmu daga tallanku, ko ku mai da maganar ta zama gaskiya. Na biyun ya fi soyuwa gare ni, kuma ba wuya gare shi. Ana fara ɗiba tun da hantsi bai yi ba, kaya na isa Kwanar Gafan da ɗanyen ganyensa. Ku turo mai yi muku cefane, ko babban kukun ya zo da kansa, ni zan tare shi a bakin titi in kai shi gona ya zaɓa da hannunsa. Abokina kuma ya ce zai haɗa ku da masunta a Tiga. Lambar wayata tana cikin littafinku na masu kama wuri, a ƙarƙashin ranar da muka zo.

Wassalam.

Naku,
Wani manomin tumatir daga Garun Malam, Jihar Kano